Kifin Sallama daga Gefen Watari

Mun fita daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena, a tsohuwar motarsa wadda ba ta tashi sai an haɗa da magiya. Ku da kuke bibiyar rubutuna kun saba in kai ku wuraren da ke da abin kallo. Wannan karon kifi aka aike ni in kai a soya. Ku yi haƙuri ku biyo ni a hankali, domin ni kaina lokacin da na fita ban san nauyin aiken da na karɓa ba.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifiyarmu, Hajiya, ta daina cin abinci. Ba wani ciwo ne ya kwantar da ita ba. Likita ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce tsufa ne kawai, a lallaɓa ta ta riƙa ci. Mun lallaɓa. An yi farfesu, an dama kunun gyaɗa, an samo fura da nono mai kyau. Takan dubi kwano, ta sa wa wanda ya kawo albarka, sannan ta tura gefe. Ruwan shayi kaɗai ke wucewa. Har ta kai zoben da ya shekara da shekaru a yatsarta ya fara zamewa da kansa in tana alwala.

Ran nan bayan la'asar ta sa aka kira ni. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba.

"Malam," in ji ta, "za ka je garinmu ka nemi Yalwa. Ka biya bakin dam ka sayi karfasa guda ɗaya, babba, ka kai mata. Ka ce Kande ce ta aiko, a soya mata mai riga."

Kalmomi biyu ne suka tsaya mini: "garinmu" da "Kande". Mun san Hajiya 'yar manoma ce daga arewacin Kano, cikin gidajen da suka daɗe a kan addinin gargajiya, kuma ta musulunta ne gab da aurenta da mahaifinmu. Mun san wannan kamar yadda yara kan san akwai wani ɗaki a gida da ba a buɗewa. Ba ta taɓa kai mu ba, ba ta taɓa ba mu labarin wurin ba, kuma ban taɓa jin wani mahaluki ya kira ta Kande ba. Yalwa, kamar yadda ta yi mini bayani a taƙaice, 'yar wan mahaifinta ce, ɗaki ɗaya suka tashi.

Amma ni murna ce ta rufe ni. Mai ƙin abinci ta ambaci abinci da bakinta, me ya rage? Batun "riga" kuwa bai ba ni wahala ba. Malamin Kemistiri ne ni a makarantar sakandare, kuma na sha karanta yadda masana abinci ke gwada shafa wa kifi wani siririn ruwa na ƙaro ko sitaci ko yauƙin tsirrai kafin a soya, don kada ya sha mai da yawa, kada kuma ya bushe. Na ce a raina, ashe mutanenmu ma suna da tasu. Har na fara tsara yadda zan ba ɗalibai labari.

Mun wuce Dawanau manyan motoci suna layi kamar raƙuman da suka gaji, buhunan hatsi har sama. A Bichi muka karya da waina da miyar taushe a wajen wata dattijuwa mai fara'a. Wainar ta yi daɗi, sai dai ta ƙanƙance. A da guda uku kan ƙosar da magidanci, yanzu kuwa sai ka ci ta kana neman inda ta shiga. Ƙanena ya sha mai a nan, ya dawo mota yana salati ƙasa-ƙasa, ban tambaye shi farashi ba saboda zumunci.

Daga nan muka karkata zuwa Watari. Ƙarshen damina ne, an yanke gero an jingine, dawa kuwa tana tsaye ba ta nuna ba. Ƙasar nan ba ta da wurin banza. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, kowace kuka da kowace ɗorawa da mai ita. A ƙasan dam shinkafa ta yi kore shar, ana ta korar tsuntsaye da gwangwani.

A bakin ruwa muka tarar masunta sun fito da kamun safe. Na zaɓi wani dattijo da ke zaune kan kifaffen kwalekwale, kwandon karfasa a gabansa suna ta numfashi. Na ce guda ɗaya nake so.

"Guda ɗaya? Daga ina?"

"Daga Kano."

Ya dubi motar, ya dube ni. "Alhaji, kifin Kano ya ƙare ne?"

Muka yi dariya tare. Na gaya masa aike ne, tsohuwata ce ke son a soya mata mai riga a ƙauyensu, na faɗi sunan ƙauyen. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an hure fitila. Ya ture kifayen sama, ya sa hannu can ƙasa ya zaro wata karfasa mai faɗin faifai. Na gyara murya zan fara ciniki, domin a Kano aka haife ni, sai ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa. Ya zuba mana ruwa a bokiti ya saka ta, ya raka mu har mota, abin da ban taɓa ganin mai kifi ya yi ba. Da zan rufe ƙofa ya ce, "Allah ya kyautata ƙarshe."

Na amsa da amin. Addu'a ce da ake yi wa kowa. Sai da muka yi nisa na lura ƙanena ya kashe rediyo.

Kwatancen da Hajiya ta ba mu na wajen shekara hamsin da suka wuce ne, kuma duk da itatuwa aka yi shi. A bi hanyar da ta nufi wajen Kunci, a saki kwalta daidai wata kuka mai rami, a wuce rijiya, a bar tsamiya a hannun hagu. Na yi tsammanin za mu sha tambaya. Abin mamaki, kukar tana nan da raminta, rijiyar tana nan, tsamiyar ma tana nan. Gine-gine sun canza, mutane sun mutu an haifi wasu, amma itatuwan suna tsaye inda ta bar su, kamar an ce su jira.

Bayan tsamiya hanya ta tsuke. Dawa ta yi mana katanga dama da hagu, ta fi motar tsawo nesa ba kusa ba, ganyenta na shafar gilashi. Ba ka ganin komai sai siririn sama. Rana ta take tsaka, iska ta tsaya cak. A wurin da ke cike da mutane haka, mun daɗe muna tafiya ba mu gamu da ko mai keke ba. Abin da kawai ake ji shi ne ƙugin inji, da kifin nan da ke bugun bokiti jefi-jefi a bayanmu. Can sai ya daina.

Gidan ya bayyana ne kwatsam, inda dawar ta ƙare. Babban gida ne irin na da, mai sassa da yawa, rumbuna jere sun fi ɗakunan kwana yawa. Can gefe akwai ɗan ƙaramin coci mai rufin kwano. Karnuka biyu na kwance a ƙofar gida. Sun ɗaga kai sun dube mu, baƙi a cikin mota, ba wanda ya yi haushi.

Wani magidanci mai furfura a gemu ya fito yana goge hannu a riga. Sa'ana ne, ko ya ɗan girme ni. Muka gaisa, na fara dogon bayanin ko ni wane ne.

"Ɗan Inna Kande ne kai," ya katse ni. "Ni ne Bitrus, ɗan Yalwa. Ku shigo, tun safe take tambaya ko kun iso."

Na dubi ƙanena. Hajiya ba ta da lambar kowa a garin nan. Mu ma ba mu da ita.

Inna Yalwa na zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, 'yar tsohuwa ƙarama, idanunta sun yi fari da yana. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, tun daga goshi har haɓa.

"Hancin kakanmu Baba Nomau," in ji ta. "Kande ta kai hancinmu birni ta ɓoye. Kai ne malamin?"

"Ni ne, Inna."

"Wancan da ya tsaya kamar an dasa shi fa?"

"Ƙanena ne."

"Ka ce ya zauna, ba ma cin mutane. Mun daina." Ta yi dariya har da tari, matan gidan da ke leƙe suka taya ta. Ƙanena ya zauna da sauri.

Na isar da saƙo kalma bayan kalma, yadda aka ba ni. Ta miƙa hannu bayanta ta jawo wata ƙwarya da aka rufe da faifai, ta buɗe. Ɓawon itace ne a jiƙe, an daddake shi, ruwan ya yi kauri yana yauƙi. Ta ce dargaza ce. Ko ban sani ba, ido ya gaya mini wannan jiƙon ba na yau ba ne.

"Tun shekaranjiya ta sa na sassaƙo mata," in ji Bitrus a hankali.

"Kullum takan jiƙa ne ta ajiye?"

"Rabon da ta jiƙa tun rasuwar babanmu."

Tsohuwar da ba ta gani ta karɓi wuƙa ta kankare kifin nan tas, ta fede, ta wanke da ruwan tsamiya, ta tsattsaga gefe da gefe ta sa gishiri. Ta tace yauƙin dargazar, ta zuba ɗan jiƙaƙƙen ƙaro, da dakakkiyar citta da masoro. Sannan ta tsoma kifin ɗungurungum, ta ɗaga, yauƙin ya bi jikinsa ya lulluɓe shi har cikin tsagar. Aka rataye shi a inuwa ya sha iska. Ta ce in ya tsane za a sake tsomawa, a barbaɗa garin gero kaɗan, sannan a kai wuta.

Malamin da ke cikina ya farka. Na fara yi wa Bitrus bayanin cewa wannan yauƙin, in ya ji zafi, zai zama wata siririyar fata da za ta tsare ruwan kifin a ciki ta hana mai shiga. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Sannan ya ce in zo mu ɗan taka.

Ya kai ni bayan gida, inda gonaki suka bar wani ɗan fili da ba a nomawa. Kurmi ne ƙarami, bishiyoyin dargaza da wata tsohuwar tsamiya, da wasu duwatsu baƙaƙe a gindinta. Ya ce nan kakanninmu ke yanka a da. Ya ce "kakanninmu" yana kallona, kuma da gaskiyarsa. Yanzu ba mai zuwa, amma har yau ba wanda ya sa garma a wurin. Cikin kurmin da sanyi, kuma ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba.

"Malam, Inna Kande ta gaya maka ko mene ne kifi mai riga?"

"Ta ce shi take marmari."

Sannan ya ba ni labari. A da, in maza za su tafi cin rani bayan girbi, matar gida kan soya wa mai tafiya kifi da wannan rigar, saboda yakan yi kwanaki a hanya bai lalace ba. Kifi ɗaya ake soyawa, a raba biyu. Mai tafiya ya ɗauki wajen kai, mai zama ta ci wajen wutsiya, kuma dole ta cinye, alamar ta yarda za ta zauna ta riƙe gida. Kifin sallama suke ce masa. Da tafiya ta yi tafiya, cin rani ya koma na mota, aka daina yi wa matafiya. Sai ya rage wa tsofaffi kaɗai. Tsohon da ya ji a jikinsa ya gama, shi ke aikawa wajen wanda ya fi kusa da shi a soya masa. Ya ci kai, wanda ya soya ya ci wutsiya.

"Fasto ya yi wa'azi a kan abin nan ya gaji," in ji Bitrus. "Limamin ƙauyen can ma ya yi. Mu dai mun bari. Amma tsofaffin nan, in sun zo gangara, sai su tuna."

"Wanda ya ci kan fa?"

"Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ci ya ga wani girbin ba."

Ina da amsa a shirye, kuma amsa ce mai kyau. Wanda ke aikowa a soya masa ai dama tsoho ne da ya riga ya saki, ba kifin ke kashe shi ba. Rai kuma a hannun Allah yake, ba a cikin kasko ba. Na yi imani da wannan a lokacin, na kuma yi imani da shi yanzu. Sai dai kafin in faɗa, na gane cewa ba marmari Hajiya ke yi ba. Sallama ta aiko ni in karɓo mata, ni kuma na taho da murnata har da cin waina a hanya.

Na koma da sauri na durƙusa gaban tsohuwar. An riga an hura wuta, an ɗora kaskon ƙasa, man gyaɗa na zafi.

"Inna, don Allah a bar suyar nan. Zan koma in ce ban same ki ba."

"Ka yi wa Kande ƙarya? Kai da hancin nan?"

"To a soya kawai irin na kowa, ba riga."

"Ɗan nan, aiko ka aka yi, ko shawara aka ce ka kawo?"

"Inna, ba ta cin abinci. In ta ci wannan..."

"Na san ba ta ci. Ni ma ai ban ci ba." Ta juya fararen idanunta wajena, daidai inda nake. "Tun muna 'yan mata muka yi alkawari a bakin rijiyar da kuka wuce, duk wadda ta aiko, ɗayar za ta soya mata. Ta tafi birni ta canza suna ta canza salla, ban ce mata komai ba. Yanzu ta tuna da ni, kai kuma ka ce in ƙi? Matsa, kana tare mini iska. Kuma daga lokacin da ya shiga mai har ya fito, ba a magana. Ka gaya wa ɗan'uwanka."

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai suyar kifi ya san ƙarar da ɗanyen kifi ke yi in ya faɗa tafasasshen mai. Wannan bai yi ba. Ya shiga da ɗan huci kaɗan, sannan ya kwanta, ƙananan kumfa na zagaye shi ba sauti. Na san dalili, ruwan da ke sa mai tsalle rigar ta tsare shi a ciki. Sanin bai hana tsikar jikina tashi ba. Gida mai mutane da yawa ya yi tsit. Matan sun daina daka. Karnukan sun shigo sun zauna nesa suna kallo. Tsohuwa makauniya ta karkata kunne ga kaskon da ba ya ƙara, ta juya kifin sau ɗaya tak, daidai lokacin da ya kamata. Da ta tsamo shi, ya yi ja kamar zuma, yana ƙyalli, kuma man da ya ɗiga daga jikinsa bai cika cokali ba.

Ta sa shi a akushi, ta ɗauki wuƙa da wata 'yar ƙwarya, ta laluba bango ta shige ɗakinta ita kaɗai, ta saki asabari. Bitrus ya ce haka ake yi, mai suya ke rabawa, kuma a ɓoye take cin rabonta. Muka zauna. Aka kawo mana fura, ƙanena ya ce yana azumi, alhali tare muka ci waina. Ni na sha, fura ce mai kyau, ta sabon gero.

Ta daɗe kafin ta fito. Ƙwaryar na hannunta, an rufe da faifai an ɗaure tam da tsumma, ƙulli kan ƙulli. Tana goge baki da gefen zane.

"Ba mai buɗewa sai ita," in ji ta. "Ka ce da Kande ta cinye tas, kada ta rage wa kyanwa. Ka ce in ji ni, haka aka gada, ba ni na ƙago ba."

Na karɓa, ƙwaryar da ɗumi. Na karɓi lambar Bitrus. Da muka tashi tafiya tsohuwar ta sake shafa fuskata, wannan karon ba ta yi wasa ba.

Mun sake shiga cikin dawar, ƙwarya a cinyata. Sai da muka hau kwalta ƙanena ya yi magana. Na riga na gaya masa abin da Bitrus ya ce.

"Yaya, mu jefar da abin nan. Mu sayi soyayyen kifi a Bichi mu kai mata. Hajiya ce fa, ta je Makka. Me ya haɗa ta da wannan?"

"Kana jin ba za ta gane ba?"

"To mu buɗe mu gani."

"Mu ga me? Ai mun san abin da ke ciki."

Duk da haka, a Bichi na sa ya tsaya. Na fita na tsaya gaban wani mai suya, kaskonsa na ta ƙara kamar ana faɗa, kifayen sun yi baƙi sun sha mai sun ƙandare. Na daɗe a tsaye har ya tambaye ni ko lafiya. Abin da na auna shi ne wannan. In na kai mata na bogi, za ta gane, ta tura gefe, kuma ba za ta sake roƙona komai ba. In na kai na gaske, za ta ci, amma ci na ban kwana. A rayuwarta ba ta taɓa neman wani abu daga garinsu ba sai wannan. Na dawo mota hannu wofi. Ƙanena ya tayar da mota, kuma karon farko a tarihinta ta tashi bugu ɗaya.

Mun iso gida ana kiran magariba. Bayan mun yi salla na shiga ɗakin Hajiya. Na tarar ta yi wanka, ta sa fararen kaya, ta zauna a kan darduma, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba sai an tallafe ta. Ba ta tambaye ni hanya ba.

"Ka same ta?"

"Na same ta, Hajiya."

"Ta tsufa?"

"Idon ne dai ya tafi. Bakin yana nan."

Ta yi ɗan murmushi. Na faɗi saƙon Inna Yalwa, na ajiye ƙwaryar a gabanta. Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta shiga kwance ƙullin da yatsunta da suka rame. Na so in taimaka ta ture hannuna. Ni da ƙanena muna durƙushe, na kasa kallo, na kuma kasa kau da kai. Ta ɗaga faifan.

Wutsiya ce.

Hajiya ta zuba mata ido. Ta juya ta da yatsa, ta leƙa ƙasan ƙwaryar kamar kan zai iya ɓuya a can. Can sai ta ce, da wata murya da wani karin harshe da ban taɓa ji a bakinta ba:

"Ja'ira! Ni na aika, ni na sayi kifina, amma sai da ta riga ni. Haka take tun muna yara. In za a rafi ita ce gaba, in za a kasuwa ita ce gaba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa bari na wuce ta ba."

Hawaye na zuba, tana faɗa, tana gutsurar kifin. Rigar ta fashe da ɗan ƙaras, bayan duk wannan tafiyar, naman ciki fari fat da danshinsa. Ta ci. Ta tsotse ƙaya ɗaya bayan ɗaya ta jera a gefen faifai. Ba ta rage komai ba. Da ta gama ta sha ruwa, ta ce ko akwai sauran kunu a gidan.

Washegari ta ci tuwo da miyar kuka, tana ci tana mita an cika daddawa. Na kira Bitrus in gaya masa mun sauka lafiya, ina ta juya yadda zan faɗa masa sauran. Bai bar ni na wahala ba.

"Na sani, Malam. Matata ce ta share ɗakin, ta ga ƙashin kan a ƙarƙashin tabarma."

"Yaya jikin nata?"

"Lafiyarta ƙalau, har ta fi jiya surutu. Sai dai da safen nan ta kira matata ta ba ta kaskon."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Ga masu son girki, yauƙin dargaza da ɗan ƙaro na hana kifi shan mai, yana kuma tsare masa danshi, na gani da idona, kuna iya gwadawa a kan kowane kifi ba tare da kun yi sallama da kowa ba. Ga sauranmu kuwa, in tsoho ya aike ka garinsu, ka zauna ka tambaye shi labarin garin tun kafin ka nemi makullin mota. Na shekara hamsin ina zaune kusa da Kande ban san ta ba. Ajali na Allah ne, a kan wannan nake, kuma shi nake gaya wa ƙanena kullum. Ban ce kifi ya tsawaita ran kowa ba. Na dai ga wata tsohuwa ta hana 'yar'uwarta tafiya da abin da ya rage mata a hannu, wato wuƙa da kasko da taurin kai.

Yanzu Hajiya ta matsa lamba a kai motar nan wajen makanike. Ta ce da ƙafarta za ta shiga gidan, ta gaya wa Yalwa abin da ke ranta ido da ido, kuma lallai ne mu isa kafin a yanke dawa. Makanike ya ce sai an samo wani ƙarfe daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Jiya na sake kiran Bitrus, na tambaye shi gona. Ya ce dawa ta fara sunkuyar da kai.